Saƙon da Ya Faɗa Cikin Ƙaiƙayi

Litinin, da hantsi

Bismillahi. Sabis ya dawo Gusau. Gusau kaɗai fa, Tsafe da Bungudu da ƙauyuka har yanzu waya tocila ce kawai. Na kunna kwamfutar ofis ina murna, na buɗe akwatin imel na ƙungiya, sai murna ta koma ciki. Wai! Na yi ta gangarawa ƙasa har yatsana ya gaji ban ga gindin saƙonnin ba. Masu sayen waken suya na Kano, dillalan taki, masu neman aiki, masu tallar abin da ban san amfaninsa ba, har da wani bawan Allah da ya rantse wata tsohuwa ta mutu a ƙasar waje ta bar mani gado. Allah ya jiƙanta, ni dai ban san ta ba. Na daɗe ina sakatariyar wannan ƙungiya ta manoman waken suya, amma ban taɓa ganin tari irin na yau ba.

Shafa'atu, ma'ajinmu, ta leƙo ta bayana ta ce, "Anti Luba, wannan kafin ki gama ai sai an sake shuka." Bakinta ba linzami, amma ina son ta haka nan.

Shugabanmu Alhaji Attahiru ya shigo daga Bungudu, ya gyara tabarau, ya dubi allon. Ya ce a fara daga can ƙasa a bi su ɗaya bayan ɗaya, don wanda ya riga yin sallama shi ake fara amsa wa. Na ce to, Alhaji.

Litinin, bayan La'asar

Na bi maganar Alhaji. Na wuni ina ba mutane haƙuri kan taron da aka riga aka yi aka watse, ina amsa gaisuwar Juma'ar da ta wuce da wadda ta gabace ta. Wani saƙon ma ashe na'ura ce ta aiko, na rubuta mata ina fatan iyali suna lafiya, ta dawo mani da cewa ita ba a ba ta amsa. Shafa'atu ta yi dariya har da riƙe ciki. Kafin in tashi, sababbin da suka zubo sun fi waɗanda na amsa yawa. Na zama mai sharar tsakar gida ana iska.

Ba komai daga wajen Tsafe. Ba wai na duba ba ne, idona ne ya bi ta kai.

Talata, da hantsi

Gidan ya yi albarka tun da Inna, mahaifiyata, ta baro Wonaka ta dawo wurinmu, bayan abin da ya faru. Ba ma zancen. Ta taho da ƙullin kayanta, da ɗan geron da aka iya ɗaukowa, da akuya ɗaya mai taurin kai irin na mai ita. Maigidana Malam Isma'ila shi ma yana gida tun da aka rufe makarantarsu, ya kafa kujera ƙarƙashin dalbejiya, shi da rediyo kamar an ɗaura masu aure.

Yau na iske Inna tana sheƙar geronta. Na tsaya ina yi mata ƙorafin ofis, ita ko ba ta ko dube ni ba, tana ɗaga ƙwarya tana zubawa. Can ta ce, "Ke Luba, ina kinka taɓa ganin an tsinci hatsi ƙwaya-ƙwaya a masussuka? Ki ba iska nata tukuna. Abin da ya rage shi ne naki."

Na ɗauki jakata na fita ina ta juya maganar har bakin titi.

Talata, da azahar

Alhamdu lillahi, yau na ji daɗin aiki. Na sa Shafa'atu ta nuna mani yadda ake buɗe jakunkuna a cikin akwatin. Ta ce in ba su suna da Turanci, na ce ba Bature ne zai yi aikin ba. Ta farko na sa mata Tsaba, wato abin da in ba a amsa yau ba wani zai yi asara. Ta biyu Rumbu, abin da za a ajiye don wata rana. Akwai Dusa, wato abin da ba nawa ba ne, na Alhaji ne ko na Shafa'atu, in tura masu su ji da shi. Shafa'atu ta ce, "To mun gode, mu ne awakin." Sai Ƙaiƙayi, gidan mai gadon tsohuwa da 'yan'uwansa.

Ban amsa ko ɗaya ba da safe, sheƙa kawai na yi. Da na gama, tsabar duka ba ta fi in ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa ba. A cikinta na tsinci saƙon wani kamfanin matsar mai na Kano da ke son wakenmu na bana gaba ɗaya, yana jiran amsa kafin ƙarshen mako. Da na bi layin Alhaji, da sai bayan Sallah zan iso gare shi.

Na sha shayi mai citta na miƙe ƙafa.

Laraba, da hantsi

Shafa'atu ta koya mani wani abu da take kira filta. Ni na ce rariya ce. Za ki rubuta sunayen mutanen da kika damu da saƙonsu, duk sa'ad da suka aiko sai ya wuce Tsaba da kansa, a can sama, da ɗan tauraro a gefe. Wanda ba ki rubuta ba ya gangara Ƙaiƙayi. Na yi ta rubutawa, masu saye, masu sito, wakilanmu na Ruwan Bore da Kekun Waje.

Ta ce, "Wa kuma?"

Na ce shi ke nan.

Ta ce, "Ɗanki na Tsafe fa? Ba nan yake aiko maki ba?"

Na ce ɗan Inna dai.

Ta tuntsire. "Anti, har yanzu kina nan kan kunyar ɗan fari? Mutum ya yi gemu, yana ma'aikacin jinya, yana yi wa garin mutane allura, ke ko ba ki iya faɗin sunansa? Kwamfuta ce fa, ba surukarki ba. Kawo in rubuta maki."

Na janye allon. Na ce wa ya gaya mata ina jiran saƙon wani? Akwatin ƙungiya ne, ba na gidanmu ba. In ɗora shi sama da Alhaji da tauraro a gefe, kowa ya shigo ya gani, a ce Luba ta rasa ta ido? A gidanmu ba a yi. Ana yaye shi Inna ta ɗauke shi, a hannunta ya tashi tare da ƙannena, shi ya sa har yau Adda yake ce mani kamar yadda suke cewa. Ban taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa rasa komai ba.

Ta ce, "Ni dai na gaya maki, wanda ba a rubuta ba Ƙaiƙayi zai faɗa."

Na ce na ji.

Alhamis, da safe

Na leƙa Ƙaiƙayi. Don kada wani mai saye ya ɓace ciki ne.

Alhamis, bayan La'asar

Asibitin da ɗan Inna yake aiki ƙarami ne, can gaba da Tsafe yake, inda kwalta ta ƙare. Waya ba ta shiga tun da aka ɗauke sabis. Amma suna da wani faranti a kan rufi mai jawo intanet in hasken rana ya cika batir, wani lokaci ya yi kwanaki bai tashi ba. Ta nan kaɗai ake jin su. Na rubuta wannan ne don in tuna yadda abin yake, ba don komai ba.

Na kafa wa kaina doka, kuma ina jin daɗinta. Akwati sau biyu a rana, da safe da bayan Azahar. Tsakani in rufe shi in yi aikin gabana. Abin da amsarsa ba ta fi shan moɗar ruwa ba in amsa nan take, kada ya kwana. A waya kuwa ban yarda Shafa'atu ta sa mani shi ba. In na bar ofis na bar shi.

Da na koma gida Malam ya rage muryar rediyo ya ce, "Ya ofis? Mutanen nesa duk suna aiko da saƙo?" Na ce suna aikowa, na Kano har sun fi kowa. Ya ce madalla, ya ƙara murya. Na san wanda yake tambaya, ya san na sani.

Juma'a, da hantsi

Kamfanin Kano sun amince. Alhaji ya yi ta washe baki, ya ce ashe wani lokaci na baya shi ke riga na gaba shiga masallaci. Bai ce dabarata ta fi tasa ba, ni ma ban ce ba.

Lahadi

Akuyar Inna ta cinye rabin takardun darasin Malam. Inna ta ce ai gara ita, ta amfana da su. An yi yayyafi da yamma, ƙanshin ƙasa ya cika gida. Na yi wanki, na yi kitso. Rana mai daɗi.

Inna ta ce ta yi mafarkin angonta. Haka take kiran jikan nata tun yana cikin zane. Na tashi na duba tukunya.

Talata, da azahar

Yau a karon farko na ga akwatin fari fat, ba ko saƙo ɗaya da ke jira. Na kira Shafa'atu ta zo ta gani, ta ɗauke shi hoto kamar sabon jariri. Ashe haka masu hankali ke zama a ofis? Na share tebur, na shayar da ɗan furen da ke taga wanda na manta da shi tun bazara.

Ƙaiƙayi: masu talla, masu neman aiki, mai gadon tsohuwa ya sake dawowa da wata tsohuwar. Shi ke nan.

Alhamis, a Bungudu, da yamma

Da yake Bungudu ba sabis, ni ce na zama imel ɗin. Na buga saƙonnin masu sito a takarda na sa a jaka, muka kama hanya da Alhaji. Hanyar da muka saba shanyewa kafin a gama hira yau ta ja, a tsaya wannan shingen bincike a buɗe but ɗin mota, a tsaya wancan a sauka a taka. Gonaki dai sun yi kyau ƙwarai, dawa ta sunkuyar da kai, waken ya yi rawaya. Wasu gonakin ba kowa a ciki.

A sito manoma sun taru, na karanta masu saƙon Kano da ƙarfi, suka yi kabbara. Wata tsohuwa daga Kekun Waje ta cusa mani ƙullin kuɓewa busassa a jaka, na ƙi, ta ce in na ƙi ta yi fushi. Matar Alhaji ta riƙe ni da tuwon dawa miyar sure, na ci har na ji kunya. Yamma ta yi, an ce kada a kama hanya, zan kwana nan.

Ban buɗe akwati ba yau, kuma duniya ba ta tashi ba.

Juma'a, gab da tafiya masallaci

Mun iso Gusau rana ta ɗaga. Na faɗa ofis a gurguje. Tsaba 'yan kaɗan, na amsa su tsaye. Ƙaiƙayi kuwa ya taru ya yi tudu, na kwana biyu da na makon jiya duka. Alhaji yana ƙofa yana kaɗa makulli, yana cewa za a rufe titi don salla. Na ce yau dai in yi irin ta Inna. Na zaɓe su gaba ɗaya na danna shara. Fes! Wallahi har wani sanyi na ji a raina.

Litinin, da safe

Ba komai.

Talata, da safe

Ba komai. Hadari ne ya yi yawa kwanan nan, batir ba zai cika ba. Aiki yana tafiya daidai, motocin Kano za su zo ɗaukar kaya mako mai zuwa in hanya ta yi kyau.

Inna ta daina cin abinci sosai. Ta ce haƙori ne.

Laraba, bayan La'asar

Na karya dokata, na buɗe akwati ya fi sau biyu. Ya fi sau biyar ma. Shafa'atu ta gani ta yi kamar ba ta gani ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin bakinta.

Malam ya daina kunna labaran rana. Ya ce batir ne ya yi tsada.

Alhamis, da hantsi

Bari in rubuta yadda aka yi.

Malam Mannir, wakilinmu na wajen Tsafe, ya shigo. Ya zo Gusau ne ya yi waya da 'yan'uwansa kamar yadda kowa ke yi yanzu. Muka gaisa, ya sha ruwa, muka yi zancen buhuna. Zai fita ya juyo ya ce, "Af, Hajiya, na ga likitanmu shekaranjiya, yaron wajenki. Yana lafiya. An ce ran Lahadi za a kawo mota da rakiya ta kwashe ma'aikatan da ke son fita, daga ita kuma ba a san ranar wata ba. Abokansa duk sun ce za su bi ta. Shi ya ce ya rubuto gida tun makon jiya, amsa yake jira. In bai ji komai ba zai zauna."

Na ce to, Allah ya sa alheri. Na raka shi har ƙofa, na ce ya gaida gida.

Na dawo na zauna. Tun makon jiya. Ranar da nake Bungudu ina cin tuwo ke nan, washegari kuma na zo na share da hannuna ina jin sanyi a rai.

Shafa'atu ta ce, "Anti, kwantar da hankalinki, shara ba ta ƙonewa nan da nan. Yana cikin kwandon." Ta buɗe mani. Innalillahi, duk abin da na zubar tun ranar farko yana nan, tuli guda, ga manyan haruffan masu talla sun cika ido. Na fara bi ɗaya-ɗaya irin na Alhaji, idona yana ruwa ban ganin komai. Ta nuna mani ɗan layin nema da ke sama, ta ce, "Rubuta sunansa nan kawai, zai fito."

Na dubi layin. Ta dube ni. Sai ta ɗauki mayafinta ta ce za ta je sayo ƙosai, ita da ba ta cin ƙosai.

Na rubuta. Ya fito shi kaɗai a tsakiyar farin allo.

Alhamis, da azahar

Ga abin da ya ce, na kwafe shi nan:

"Adda, ina wuni. Muna lafiya, kada a damu. Za a kawo mota ran Lahadi ta sama. In na tafi akwai wanda zai riƙe wurin, ɗan garin ne, ya iya aiki. In na zauna ma akwai amfani. Na kasa yanke wa kaina. Inna na san abin da za ta ce, Baba kuma zai ce in yi abin da ya fi. Ke nake tambaya. In kin ce in taho zan taho. In ban ji ba zan ɗauka in zauna ne, ba komai."

Ba komai, in ji shi. Tun yana yaro haka yake cewa in an raba abu an manta da shi.

Na rubuta amsa mai kyau. Na yi sallama, na gaida abokan aikinsa da mai garin, na ce Inna tana gaishe shi, Inna ba ta cin abinci, Inna ta yi mafarkinsa, Inna tana ganin zai fi kyau ya duba yiwuwar tahowa. Shafa'atu ta dawo da ƙosanta ya huce, ta karanta ta bayana ba tare da na ba ta izini ba. Ta ce, "Anti, wannan wasiƙar Inna ce. Ya ce ya san ta Inna."

Na ce ke dai ba ki da ta ido.

Ta ce, "Ba ni da ita. Farantinsu kuma ba ya jiran mai kunya, in ya tashi yanzu ya ɗauke, shi ke nan sai Lahadi ta wuce."

Na goge duka. Na rubuta layi ɗaya, da sunan a farkonsa. Na tura kafin hannuna ya yi shawara da ni. Daga nan na buɗe rariya na ƙara suna ɗaya a can sama, sama da na Kano, sama da na Alhaji. Wanda zai gani ya gani.

Ina tsoro. Na rubuta, ina tsoro.

Juma'a, da safe

Ba amsa. Gari ya yi lumshi tun asuba. Ban taɓa jin haushin hadari a kaka ba sai yau.

Juma'a, bayan an sauko

Rana ta fito tsakar rana, mai zafi, har kwalta tana walƙiya. Na tsaya a taga ina yi mata sannu. Ba amsa dai. Na gaya wa Malam komai a tsakar gida, ban ɓoye sharar ba. Ya murza carbi, ya ce, "Me kika ce masa?" Na ce na ce ya taho. Ya ce, "Ke da kanki?" Na ce ni da kaina. Ya kalli dalbejiya ya ce, "Madalla."

Ba mu gaya wa Inna ba, kada a sa mata rai.

Asabar, da hantsi

Ba ranar aiki ba ce, amma na karɓi makulli na je. Tsaba fanko. Na shayar da fure na dawo.

Na jiƙa dawa zan yi hoce. Inna ta ce, "Hoce kuma? Wa ka cin hoce a gidan ga in ba angona ba?" Na ce ni ce nake sha'awa. Ta dube ni ta gefen ido ta ci gaba da tsinkar zogale.

Lahadi, da azahar

Malam ya sa babbar riga ya ce zai je tasha duba wani abokinsa. Wane aboki, ban tambaya ba. Na share ɗakin zaure, na shimfiɗa sabon zanen gado. Ƙura ce ta yi yawa a ɗakin.

Na daka ƙuli, na yanka albasa. Duk mashin da ya tsaya a lungu sai wuƙar ta tsaya.

Lahadi, bayan La'asar

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Ina madafa na ji sallamar Malam, na ji wata a bayanta. Inna ta yi wata irin guɗa da ban san tana da sauran ƙarfinta ba, ta rungume shi tana dukan bayansa tana cewa ya rame, ya yi baƙi, wace ce ta hana shi abinci ta zo su yi kishi. Ni ina gaban murhu, hayaƙi ya dame ni ƙwarai. Ya zo bakin ƙofa ya durƙusa ya ce, "Adda, ina wuni." Na ce lafiya lau, an zo lafiya? Ya hanya? Ya ce alhamdu lillahi. Na tura masa kwanon hoce ban juyo ba. Ya cinye tas, Inna tana taya shi, haƙorin ya warke.

Bai ce ya ga saƙo ba, ban tambaya ba.

Litinin, da hantsi

Na aika wa Shafa'atu cewa zan makara. Akwati ya jira, na san yanzu ba abin da zai ɓace a ciki.

Yana ɗakin zaure yana barcin gajiya, ƙofa a sakaye. Inna ta kwashe kayansa za ta wanke da kanta, ta hana kowa taɓawa. Tana lalube aljihun rigar da ya zo da ita sai ta ciro wata takarda an ninke ta ƙanana, ta yi laushi don gumi. Ta ce, "Luba, zo ki duba mani wagga, kada in jiƙa mai takardar aiki. In laya ce kuma in mayar."

Na warware. Bugun injin asibitinsu ne, tawadar ta kusa ƙarewa. Adireshin ƙungiyarmu a sama, sai layi ɗaya a tsakiya, sauran duk fari.

Na ce ba ta aiki ba ce, Inna, a ajiye masa kawai.

Ta ce, "To mi anka rubuta?"

Na ce ba wani abu ba ne.

Ta ce, "Ba wani abu ba ne mutum ya ratso dajin ga da shi a ƙirji? Ni ban yi boko ba, ke kinka yi. Karanta mani yadda yake, kada ki rage ko ɗaya."

Malam yana ƙarƙashin dalbejiya, na ga ya kai hannu ya kashe rediyo. Akuya ma ta daina tauna. Inna ta riƙe ƙugu tana jira, kuma wanda ya san Inna ya san za ta iya jira har Magariba.

Na yi niyyar in yi ƙasa da murya, amma ta fito yadda ta ga dama. Na karanta:

"Mahadi, ka taho gida."

Daga cikin ɗakin zaure, da muryar barci, aka ce, "Na'am, Adda?"